Wa ke riƙe da takardar filin ƙungiyarku?

Ƴan uwa matasa, yau tambaya gare ni, kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah. Ƙungiyar nan da kuke zuba wa kuɗi duk wata daga Damagaram ko Yamai, ta ƴan asalin garinku ce, ko ta mata masu noman rani, ko bankin cimaka na ƙauye: magazar da take ajiye hatsi ta wane ne? Haya ce, aro ne, ko jingina? Yaushe wa'adin ke cika? Nawa aka biya, nawa ya rage? Tambayi shugaba, zai ce ma'aji ya sani. Ma'aji ya ce ai tsohon shugaba ne ya yi maganar. Tsohon shugaba kuwa yana can Aljeriya ci-rani.

Ni a ganina, duk ƙungiyar da ba ta da littafin haya da aro tana wasa da dukiyar jama'a, komai gaskiyar shugabanninta.

Mu ɗauki Gangara ta Damargu, cikin gundumar Tanut. Ƙasar gero ce, kusa da inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, ga damina gajera. A irin wannan wuri da wuya ƙungiya ta mallaki ƙasar da take aiki a kai. Ga yadda abin kan kasance: mata su nemi fako, mai shi ya ce su je su yi aiki, Allah ya sa albarka. Su haƙa ramukan rabin wata, su kai taki, su dasa itatuwa. Bayan ƴan shekaru fako ya zama gona. Ran da dattijon ya kwanta dama, sai magada su ce a ba su ƙasar ubansu. Kuma gaskiyarsu, tasu ce. To guminsu matan fa? Shekara nawa aka ba su? Ba wanda ya rubuta. Dama an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abin haushin shi ne, doka ta tanadi maganin nan da daɗewa. Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa kundin dokar karkara, Code Rural, wanda ya haifar da kwamitocin filaye da muke kira COFO. Akwai na gari da mai gari ke jagoranta, akwai na komin, akwai na gunduma. Aikinsu bai tsaya ga saye da sayarwa ba: suna da takardar haya, da ta aro, da ta jingina. A je da shaidu, a faɗi iyakoki da wa'adi, a sa hannu, kowa ya tafi da tasa. A Damargu zuwa gun COFO na da wani amfanin kuma. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da makiyaya, ba na wani mutum ɗaya ba ne balle ya ba da hayarsu. Ƙungiyar da ta karɓi fili ba ta bincika ba tana iya biyan wanda ba shi da iko, sannan ta sayo wa kanta rigima da makiyaya.

Shago da wurin sana'a kuma dokar kasuwanci ta OHADA ce ke kansu. Wanda ya yi shekara 2 yana sana'a a wurin da ya kama haya yana da haƙƙin a sabunta masa. Amma in hayar mai wa'adi ce, sai ya nemi sabuntawar aƙalla wata 3 kafin wa'adin ya cika, in ba haka ba haƙƙin ya faɗi. To, wanda bai san ranar cikar wa'adinsa ba, ta ina zai ƙirga wata ukun?

Sai ɓangaren lissafi. A taron shekara ma'aji kan ce ga abin da ya shiga, ga abin da ya fita, ga saura cikin asusu, a tafa masa. Alkawarin da ke wuyan ƙungiya fa? A misali, an kama magaza jika 10 a wata har shekara 3, jika 360 kenan. In biro ya sauka bayan shekara guda, ya bar wa na baya nauyin jika 240 da ba ya cikin rahoton kowa. Haka in an biya hayar shekara gaba ɗaya a kaka: rabonta ya shiga shekarar lissafi biyu, ya kamata a nuna hakan. In ma da damin gero ko tiya ake biya, a rubuta adadin da ranar. Manyan kamfanonin duniya ma tun 2019 ƙa'idar lissafi ta tilasta musu fito da alkawuran hayarsu fili, don an gano bashi mai yawa na ɓuya a nan. Mu kuma a Yamai ɗin nan, a watan Disamba 2022, ƙasashen OHADA suka amince da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024. A gidanmu aka yi dokar. Ƙungiya nawa ta ji labarinta?

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar kwamfuta. Littafi ɗaya na ƴan makaranta ya isa, kowane fili ko ɗaki da shafinsa: sunan mai shi da shaidu, irin yarjejeniyar, ranar farawa da ranar ƙarewa, kuɗin da yadda ake biya, wa ke gyara in rufi ya zuba, da makomar rijiya ko itatuwan da ƙungiya ta sa in an rabu. Kowane biya da takardar shaidarsa. A ɗauki hoton takardun da waya, mutum uku su riƙe, don gara da ruwan sama ba su san darajar takarda ba. A karanta littafin a bainar jama'a duk taron shekara, a miƙa shi hannu da hannu ran da biro ya canza.

Na san abin da za a ce. "Kai, dattijo ya ba mu don Allah, sai mu kai masa takarda kamar ba mu yarda da shi ba?" Wannan kunyar na gane ta, tarbiyya ce. Sai dai ku duba wa takardar ke karewa. Tana kare dattijon, kada gobe wani biro ya ce kyauta aka ba shi. Tana kare ƴaƴansa daga zargin cin amana. Tana kare zumunci, don rigimar ƙasa in ta shiga gida jikoki ma sai sun gada. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana. Waɗanda aka fara umurta da rubutun sun fi mu riƙon amana.

Komin ma tambayar na kanta. Rumfunan kasuwa da filayen da take ba haya dukiyar talakawa ce. A watan Afrilu 2024 an rushe majalisun komin, kantomomi suka karɓi aiki. Duk ran da hannu ya canza haka, abin da ba a rubuce yake ba yana iya bin wanda ya tafi. Ɗan gari na da hurumin tambaya cikin ladabi: rumfa nawa ke haya, nawa suke kawowa, ina rajistar?

Mu da muka yi karatu muke zaune birni, an fi sanin mu da turo kuɗi da yin sharhi a WhatsApp. Wannan karon in kun je gida, ku tafi da littafi da alƙalami. Ku zauna da ma'aji, ku jera duk abin da ƙungiya ke riƙe da shi na haya ko aro, ku raka shugaba wajen mai gari a yi takardun da babu, tun masu ƙasar da shaidun na raye. Wanda ƙungiyarsu ta riga ta yi haka, ya faɗa mana yadda suka shawo kan dattawa, mu ma mu koya.