Kuloci Ba Ya Jiran Ƙarshen Wata

'Yan uwa direbobin Mile One, in kun taka totur inji na kuka amma mota ba ta ja, ga ƙauri na tashi, to farantin kuloci ya cinye. Masu cewa a lallaɓa sai kuɗi sun samu, ban goyi bayansu ba. A cunkoson Ikwerre Road zafi zai ƙone fulayiwil, lissafi ya ƙaru.

Wahalar aikin tana wajen sauke giyabos. Tunda za a sauke, a canja faranti, murfinsa da boris lokaci guda, kada a biya bakanike sau biyu. Ku je Ikoku tare da shi ya zaɓo mai kyau, araha ba ta ado. A gosulo kuma, a ɗage ƙafa daga kan kuloci.

Allah Ya tsare hanya.