Hiramin Falasɗinu da Jallabiyar Jazira

 Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoba na 2023 muke ganin samarinmu suna rataya hiramin nan mai zanen baƙi da fari, wanda Larabawa ke kira kufiyya. Wasu iyaye sun ɗauka tsarabar alhazai ce kawai. Yana da kyau a san tarihin abin da ɗa ya ɗora a wuyansa.

Asali kufiyya tufar talaka ce, manomi da makiyayi ke naɗa ta don rana da ƙura. Ma'aikata da attajiran Ƙudus da Yafa jar dara suke sawa, mai kufiyya kuwa baƙauye ne a idonsu. Da aka tayar wa mulkin Ingila a 1936, yawancin mayaƙan mutanen ƙauye ne, kuma da sun shigo birni sai soja ya gane su ta abin da ke kansu. Saboda haka a 1938 jagororin tawayen suka ba da umarni kowa ya ajiye dara ya naɗa kufiyya. Wasu sun bi don kishi, wasu don tsoro, wannan ba a ɓoye yake ba. Amma ɗan birni ya sa tufar wanda yake rainawa, soja ya rasa wanda zai tsame daga cikin taro. Daga nan darajarta ta samo asali, tun kafin Yasir Arafat ya tsaya da ita a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a 1974.

Mu mazauna Jazira da bakin Shuɗin Nilu labarin nan ba baƙo ba ne gare mu. Turawan Ingilan nan su ne suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello ya ci gaba da hijira da sauran jama'a har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kakanninmu sun yi aikin madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925, sun tsinci audugar Jazira shekara da shekaru, duk da haka ana ce musu Fallata da muryar raini. Sai dai a wurinmu al'amarin ya juya: mai rauni ne ya sa tufar mai ƙarfi. Da yawanmu mun ninke babbar riga mun sa a akwati, mun ɗauki jallabiya da farin rawanin Sudan, wai don mu saje.

Sajewar ba ta wadatar ba. A lokacin da sojan gwamnati suka ƙwace Wad Madani daga hannun dakarun Da'amus Sari'i a watan Janairu na 2025, an kai wa mazauna kanabi hari, wato unguwannin leburorin gona, bisa zargin sun taimaki abokan gaba. A Kambo Ɗayyiba an kashe mutane, an ƙone gidaje. Mazauna kanabi talakawa ne masu asali daga yammacin Sudan da yammacin Afirka, jallabiya ɗaya suke sawa da maƙwabtansu, amma ƙabila aka duba, da harshe, da inda mutum ke kwana.

Yaron da ya rataya kufiyya don Gaza ya kyauta. Muna roƙon mahaifinsa ya zaunar da shi bayan sallar isha'i ya ba shi labarin 1938, sannan ya tambaye shi ko ya taɓa taka ƙafarsa zuwa kambon da ke bayan gonarsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a can da nan.