Daga Sama Ba A Jin Kukan Ƙauye

A wasan kwamfuta mai suna Rome: Total War, wanda ya fito a 2004, duk lokacin da rundunar ɗan wasa ta ci wani birni sai a ba shi zaɓi uku: ya zauna da mutanen garin lafiya, ya kwashe su bayi, ko ya karkashe su. Zaɓi na uku shi ya fi cika baitulmali nan take, shi ne kuma ke saurin kwantar da tarzoma. Adadin jama'a ne ke sauka, na kuɗi ya hau. Wasan ya daɗe da shiga wayar hannu, don haka babu abin da ya raba shi da aljihun ɗalibi a Gusau.

'Yan bokon Arewa sun kasu biyu game da irin waɗannan wasanni, kuma duka ɓangarorin sun yi sake. Na farko su ne masu taɓe baki su ce shiririta ce ta yara. Waɗannan sun manta cewa an shafe fiye da shekara goma babu darasin tarihi mai zaman kansa a firamare da ƙananan sakandaren Nijeriya. Ajin da malami ya bari, wani ne ya shiga. Civilization ya fito tun 1991, Age of Empires a 1997, kuma sun koya wa ɗimbin matasan duniya sunayen Babila, Farisa, Misira da Rum fiye da yadda littafin aji ya yi. Wanda ya raina malamin ɗansa bai hana shi koyarwa ba. Ya dai hana kansa sanin abin da ake karantar da yaron.

Ɓangare na biyu su ne masu tafi. A watan Agustan 2021 aka ƙara Hausawa a Age of Empires III, da birnin Kano, da barade masu lifidi. A 2025 Sarauniya Amina ta Zazzau ta shiga jerin shugabannin Civilization VII. Murna ta kama masu wannan ra'ayi, wai duniya ta san da zaman Bahaushe. To amma a wane matsayi aka san shi? An ɗauko shi ne aka zuba a kwamin da aka ƙera wa Rum: tara dukiya, gina runduna, faɗaɗa iyaka. Hatta jami'ar da aka ba Hausawa a Age of Empires III, babban aikinta shi ne tara wani ma'aunin tasiri da ake ɗaukar mayaƙan haya da shi. Ilimi ya zama bawan takobi.

Nan ne maganar ta shafi Zamfara kai tsaye. Duk wanda ya ƙware a Age of Empires ya san hanya mafi sauƙi ta karya abokin gaba: a bar sojojinsa, a aika mahaya su faɗa wa manomansa a gona, su tarwatsa masu saran itace da masu haƙar zinari. Tattalin arzikinsa na durƙushewa, sauran aiki ya zo da sauƙi. A allo sunan wannan dabara. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuwa, inda manoma suka sha biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonakinsu, sunansa rayuwar yau da kullum. Babu mai hankalin da zai ce wasa ne ya haifi ta'addanci a dajin Zamfara. Zargin ya fi haka zurfi: wasan yana horar da idon ɗan boko ya kalli ƙasa daga sama, inda ƙauye ɗigo ne a taswira, manomi kuma lamba. Da irin wannan ido ake karanta rahoton kisan mutum talatin a juya shafi.

Za a ce ai Civilization yana ba da damar yin nasara ta hanyar kimiyya ko al'adu. Gaskiya ne. Za a kuma ce Bahaushe ma yana da dara, wadda cinye 'ya'yan abokin wasa ce manufarta. Wannan ma haka ne, sai dai 'ya'yan dara tsakuwa ne da kara, ba su taɓa da'awar su ne tarihi ba. Waɗannan wasanni kuwa da rigar tarihi suke zuwa, kuma ko a nasarar lumana, kujerar sarki kaɗai ake ba ɗan wasa. Babu mai zama a mazaunin wanda aka ci garinsu.

Alhali tarihin Zamfara cike yake da abin da wannan kwami ba ya iya ɗauka. 'Yandoto, kusa da Tsafe, gari ne da ya yi suna da malamai da ɗalibai, ƙarfinsa a allo da tawada yake. A farkon shekarun jihadi rundunar Muhammadu Bello ta ci shi bayan saɓani da malamansa, kuma Yusufu Bala Usman ya tattauna matsayin garin a littafinsa kan tarihin Katsina na 1981. A wasa, wannan duka tuta ce ta sauya launi. Haka faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa ƙarƙashin Babari a ƙarni na 18: abin tambaya shi ne ina mutanen suka watsu, yaya suka sake kafa garuruwa. Dutsen Kwatarkwashi a ƙasar Bungudu shi ma yana da labarin mutanen da suka rayu a gindinsa, wanda ba ya shiga lissafin ci da yaƙi.

Hani ba zai yi magani ba, tafi ma haka. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, tana da masana tarihi da ɗaliban kimiyyar kwamfuta a harabar guda. Babu abin da ya hana su haɗa kai su ƙera wasa, ko ƙarami ne na waya, wanda ɗan wasa zai zama mai gari ko malamin zaure, nasararsa kuma ita ce ya fitar da jama'arsa daga damina zuwa kaka da rumbu cike, kasuwa na ci, makaranta a buɗe. Kafin nan, uban da ya tarar da ɗansa yana cin Kartaj a allo yana da tambaya ɗaya da ya kamata ya yi masa: mutanen garin fa, ina suka kwana? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, kuma yaron da ya tashi a Zamfara ya fi wanda ya ƙera wasan sanin amsar.