Garin da Nake Buri, da Kwanon Awo

Tun da gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Gaya zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, aka rushe ta a 2024, sa'an nan aka maido ta cikin shekarar a daraja ta biyu, ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu, da wuya mutum ya zauna a majalisa a wannan yanki bai iske kowa ya zama mai tsara ƙasa ba, yana zayyana al'ummar da yake buri, wadda galibi, in ka saurara da kyau, fada ce da kakaki da ofisoshi, shi kuma mai maganar yana kusa da kujera.

Burin kafa gari na kamala tsohon abu ne. Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya wallafa littafi kan Madinatul Fadila. Amma na fi jin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda, da ya ga waɗansu abokan jihadi sun karkata ga tara dukiya da dawaki da neman sarauta, ya bar runduna da niyyar tafiya Makka, har ya iso Kano wajen 1807, mutanenta suka roƙe shi ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Abin da ya cika littafin kuwa shi ne hakkokin da ke wuyan mai mulki da alƙali.

Ni dai garin da nake buri, alamarsa tana kasuwa. Ina son ma'auni ya saya da kwanon da yake sayarwa da shi, kada ya ajiye mai zurfi domin manomin da ya kawo gero a kan jaki, da wani wanda aka bubbuga gindinsa domin tsohuwar da ta zo awon tuwon dare. Ina son kuma manomin da hatsinsa ya ƙare cikin Agusta, gona ba ta nuna ba, ya sami rancen buhu ɗaya ba tare da an ɗaure shi da biyan biyu da kaka ba, domin wannan riba ce ko da an yi ta da sallama da addu'a. Allah Ya saukar da sura guda a kan masu tauye mudu, malaman fiƙihu kuma suka ɗora wa muhtasibi duban ma'auni, aikin da yau, in an ambaci hisba, kusan ba a tuna shi. Ga kuma abin kunya: ƙasar Gaya, wadda tarihi ya ce maƙeranta, Abagayawa, su suka je Dala neman tama, a ce guduma ta koma rage cikin kwano.

Wani zai ce wannan ƙaramin buri ne. Na'am, amma shi ne wanda ba ya jiran Abuja ko majalisar dokoki. Hakimi da sarkin kasuwa suna iya sa a ƙera kwano guda mai hatimi, a ajiye shi a rumfar sarkin kasuwa a Gaya da Ajingi da Kademi, duk wanda ya yi shakkar awon da aka yi masa ya je a gwada a bainar jama'a, wanda aka kama da algus kuma a hana shi rumfa har kasuwa uku.