Tafiyar 'yan ajin ƙarshe: a kama gida da kuku, ko a je wurin da ake biya sau ɗaya?

1/ Lokacin tafiyar 'yan ajin ƙarshe ya zo, kuma wata sabuwar ɗabi'a tana neman zama doka a gurufan WhatsApp na BUK da sauran makarantu: wai a kama katafaren gida na kwana uku, da kukunsa da maigadinsa, "mu kaɗai, ba takura". Ni dai ba na goyon baya. Zaren zai yi tsawo, ku yi haƙuri. 🧵

2/ Zaɓi biyu ne a gabanmu. Ko a kama gida sukutum a irin su Nasarawa GRA ko Bompai, a ba mu ma'aikata. Ko kuma a tafi wurin shaƙatawa irin Yankari ko na Minjibir, a yi ciniki da su a kan kuɗi guda: ɗaki, abinci, shiga, komai a ciki, kowa ya san abin da zai biya tun kafin ya ɗauki jaka.

3/ Masu son gida hujjarsu biyu: ya fi araha, kuma akwai sirri. Duka biyun kallon kitse ake yi wa rogo.

4/ Mu fara da arahar. Kuɗin da dillali ya turo muku da hotunan falo da wurin ninƙaya, kuɗin bango da rufi ne kawai. Ku tambaye shi: in an ɗauke wuta, wa zai zuba wa janareta mai? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu mai gidan da zai kunna muku inji dare da rana don Allah da Annabi. Za a ce "awa kaza ne a ciki, sauran ku saya". A zafin Kano, da mutum takwas a ɗaki.

5/ Eh, takwas. A ce mu 40 ne, gidan ɗaki 5. Ku raba. Hoton da aka turo gado ɗaya ne da farin zanin gado da fulawa a gefe. Mutum biyu za su hau, shida su bi ƙasa, kuma duk kuɗi ɗaya suka biya. Banɗaki kuwa da asuba, kowa yana son alwala, ku kwatanta layin da kanku.

6/ Sai cefane. Kuku yana zuwa ne da hannunsa da wuƙarsa, ba ya zuwa da shinkafa. Wani zai shiga Singa ya sayo shinkafa da taliya da mai, wani ya je 'Yankaba kayan miya, wani ya tsaya a kasuwar Tarauni a fige kaji. Gas, ruwan leda, ƙanƙara, gawayin gashi, kuɗin adaidaita. Ba ko ɗaya a cikin wancan lissafin mai daɗi da aka liƙa a guruf.

7/ Shi ya sa tafiyar gida kullum karo-karo biyu ce. Na farko kafin a tafi, kowa yana murna. Na biyu a rana ta biyu da daddare: "Jama'a mai ya ƙare, kowa ya ƙaro wani abu." Wanda ya tara nasa da ƙyar daga kuɗin makaranta ya zo ba ko sisi a aljihu, sai ya sunkuyar da kai yana danna waya. An kawo shi hutu an kunyata shi.

8/ Yanzu ga inda ya fi min ciwo. Mutum 40, ci uku a rana, kwana uku. Faranti 360 kenan. Kuku ɗaya, in an yi sa'a da yaro ɗaya mai taya shi. Don Allah wa kuke zaton zai cike gurbin?

9/ Mun san amsar. Da ƙarfe goma na safe, shayi bai fito ba, sai wani ya leƙo ɓangaren mata da murmushi: "'Yan mata, ku ɗan taimaka masa mana da yankan albasa." Daga albasa sai jajjage, daga jajjage sai tuƙin tuwo, daga nan sai wanke-wanke. Su suna waje suna ludo da ɗaukar hoto a bakin ruwa.

10/ Kuɗi ɗaya muka biya fa. Babu ragin mata. Na bar wanke-wanke a Unguwar Gano, na biya kuɗi, na hau mota, don in je in yi na mutum 40 a gidan wani? Haba.

11/ Kuma kada wani ya zo min da "ai za mu yi jadawali". Shekara huɗu muna aikin rukuni tare. Na san waɗanda suke bayyana ranar gabatarwa kawai su tambayi inda za su sa hannu.

12/ Shi kansa kukun a tausaya masa. An ɗauke shi don iyali mai mutum shida ko bakwai, an jibge masa aji guda da ba sa barci, wani yana neman indomi ƙarfe biyun dare. Albashinsa bai ƙaru ba. A wurin da aka gina don taro, masu girki suna da yawa, suna karɓa-karɓa, kuma akwai lokacin rufe kicin.

13/ Sai kuɗin ajiya, wanda ake cewa za a dawo da shi in ba a lalata komai ba. Wa zai sa hannu? Wakilin aji, da sunansa da katinsa. A fasa gilashin tebur, a ƙona kafet da gawayin shisha, kowa zai rantse ba shi ba ne. Mutum ɗaya za a riƙe, kuma shi za a zaga a guruf wata guda ana cewa ya ci kuɗi.

14/ To maganar sirri. Sirri daga wa? Gida ne a tsakiyar unguwa, da maƙwabta, da masallaci a kan layi. Samari da 'yan mata 40 sun shiga gida ɗaya da jakunkuna, kiɗa yana tashi. Ko kana goyon bayan Hisbah ko ba ka yi, ka san garin da kake. Kira ɗaya maƙwabci zai yi, hoton ƙarshe na ajinku ya zama a Sharaɗa.

15/ Kuma in hakan ta faru ba a raba kunyar daidai. Namiji zai mayar da shi labarin dariya a majalisa. Mace kuwa, ranar da aka zo binciken aure sai an tono shi.

16/ Kar ku ce ƙauyancin Kano ne. Airbnb, wanda shi ya yayata wannan harka ta kama gida a duniya, ya hana yin fati a gidajensa tun 2020, ya mayar da hanin na dindindin a 2022, saboda rigima da maƙwabta. A 2024 kuma ya hana kyamarar tsaro a cikin gida gaba ɗaya. Su da suke da dokoki a rubuce kenan. Kai da ka samu naka ta hannun wani a Instagram, wa ya duba maka ɗakin da ƙawayenmu za su canza kaya?

17/ Ga wani gwaji mai sauƙi. Ki je gaban mahaifinki ki ce: "Abba, za mu kwana uku a wani gida da mazan ajinmu, amma akwai maigadi." Ki dawo ki ba mu labari. Sannan ki gwada: "Abba, sashenmu zai je Yankari, ga takarda, malamai biyu za su raka mu, mata ɓangarensu daban." Ba na cewa kowane uba zai yarda da na biyun. Amma na farkon ko kallonsa ba za a yi ba.

18/ Ma'ana duk wanda ya zaɓi gida ya riga ya zaɓi waɗanda ba za su zo ba. Matan auren ajinmu, 'yan gidan da ake sa ido, duk an cire su ba tare da an faɗa ba. Daga baya a sa hoto a rubuta "ajinmu". Rabin aji dai.

19/ Shi tsarin biya sau ɗaya ba baƙonmu ba ne. Kuɗin kujerar Hajji mene ne? Jirgi, masauki, abinci, a dunƙule. A harkar hutu kuwa Club Med ne ya shahara da shi, tun 1950 da Gérard Blitz ya kafa tantuna a tsibirin Mayoka na Sifaniya. Dabarar ita ce a gama maganar kuɗi a bakin ƙofa, ta yadda a ciki ba a gane mai shi da marar shi. Aji irin namu, da wani ke zuwa da mota wani ke takowa daga Kabuga, abin da ya fi buƙata kenan.

20/ Sannan me za a yi a gidan na kwana uku? Talabijin, waya, gulma. A Yankari, can ƙaramar hukumar Alkaleri ta Bauchi, akwai ruwan Wikki da ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina, akwai fita daji a mota neman giwaye, akwai kogunan Marshall da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Tun 1962 aka buɗe wa jama'a wurin, amma da yawanmu a littafin firamare kaɗai muka san shi. (Ku dai riƙe ledarku da kyau, gwaggon birin wurin ba ya jin kunyar kowa.)

21/ Abin haushi ma Kano ta taɓa yin nisa a wannan fanni. Zamanin Audu Bako aka yi dam ɗin Tiga da otal ɗin Rock Castle, aka yi otal ɗin Bagauda, aka yi gidan zoo da ke nan bayanmu. Bagauda yanzu makarantar horar da lauyoyi ce. Mu kuma jikokin mun koma kulle kanmu a falon wani muna kiran abin yawon buɗe ido.

22/ Zan ba masu gida gaskiyarsu a wuri biyu. Na ɗaya, a ƙasar nan "komai a ciki" ba ya zama komai sai an rubuta. In ba ku zauna da manaja kun sa a takarda ba, ci nawa a rana, ruwan sha, kuɗin shiga, motar daji, awa nawa ake ba da wuta, mutum nawa a ɗaki, to za ku sha mamaki a can ma. A rubuta, a buga hatimi, a turo guruf kowa ya gani. Kuma hanya: a tashi da safe, a isa da rana, a tambayi halin da ake ciki kafin a kama ta. Wanda hankalinsa bai kwanta da nisa ba, Minjibir tana nan kusa.

23/ Na biyu, akwai taron da gida ya fi dacewa da shi nesa ba kusa ba: dangi. Biki ya tashi, 'yan uwa sun zo daga Maraɗi ko Damagaram, a kama musu gida guda. Mata su ajiye mayafi su sake, yara su yi ta gudu, Gwaggo ta karɓe kicin ta nuna wa kuku yadda ake miyar kuka. Can akwai babba, akwai mai cewa a bari a bari, kuma aljihu ɗaya ne ke biya.

24/ Aji ba dangi ba ne. Mutum 40 ne da lambar rajista ta haɗa, kowa da tarbiyyarsa da ƙarfin aljihunsa, ba mai iya tsawata wa wani.

25/ Don haka 'yan kwamiti, kafin a jefa ƙuri'a ku kawo takarda biyu. Ta gidan ta zo da man janareta, cefanen faranti 360, gas, ruwa da kuɗin ajiya a ciki, da sunan wanda zai sa hannu. A ajiye ta kusa da ɗayar. Ni ƙuri'ata tana Yankari. In kuma gida ya ci, duk wanda ya rubuta "kuku ɗaya ya isa" na ɗauki hoton saƙonsa, da sunansa zan buɗe jerin masu wanke tukunya.