Firintar da ake jefarwa saboda ƙura a kan faifai ɗaya

A shagunan buga takardu na Ikara da Makarfi, lokacin hunturu, akwai abin da ke yawan faruwa. Firintar tawada ta fara jan takarda fizge-fizge, rubutu ya hau kan rubutu, ko ta tsaya tana ƙifta fitila. Mai gyara ya duba ya ce bod ya ƙone, mai shago ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya fara neman kuɗin wata. Sau da yawa bod lafiyarsa ƙalau. A gefen sandar da ke jan takarda akwai wani faifan roba garai-garai mai siraran layuka baƙaƙe, kuma ƙura ko maiƙo ne ya rufe su. Gogewa a hankali da tsumma mai laushi kan wadatar.

Wannan faifai shi ne zuciyar abin da ake kira enkoda, wato ma'aunin juyi. Ƙaramar fitila na haska shi daga gefe ɗaya, ido mai jin haske na ɗaya gefen. Duk layin da ya gifta sai ya katse hasken, kwamfutar injin ta ƙirga ɗaya. Yawan ƙidaya shi ne nisan juyi, yawanta a daƙiƙa shi ne gudu. Dabarar da ta fi burgewa ita ce idon biyu ne, A da B, an ɗan goce ɗaya daga ɗaya. In A ya riga B ganin haske, gaba ake yi. In B ya riga, baya ne. Kuma da yake ana iya ƙirga shigowar haske da ɗaukewarsa a idanun biyu, faifai mai layi 600 yana ba da ƙidaya 2,400 a zagaye ɗaya. Maɓallin ƙara murya na rediyon mota, wanda ke juyawa ba iyaka, ɗan gidansu ne, haka ma tayar linzamin kwamfuta.

Sai dai wannan nau'in yana da mantuwa. Da an ɗauke wuta ƙidaya ta tafi, dole injin ya koma ya nemo mafari. Ɗaya nau'in kuwa kowane kusurwa da lambarsa, ko wuta ta yi kwana uku ba ta dawo ba ya san inda ya tsaya. Da yawansu suna amfani da tsarin lambobin Frank Gray na Bell Labs a Amurka, wanda aka yi wa rajista a 1953. Akwai kuma mai maganaɗisu, irin AS5600, da ke raba zagaye ɗaya gida 4,096, kuma ƙurar hunturu ba ta dame shi ba. A wurin da ƙura da ɗauke wuta suka zama ruwan dare, wannan ya kamata matasa masu wasa da Arduino su fara riƙa. KY-040 da ke zuwa cikin kwalin koyo na hannu ne kawai. A ɗaura shi kan injin sai ya rikice.

Inda abin zai yi amfani ba shi da nisa. Makarfi da Kudan ƙasar rake ce, kuma matse shi don mazarƙwaila, wanda a da doki ke yi, yanzu galibi injin ne da bel. In bel ya fara sulɓi, injin na shan mai yadda ya saba amma ƙarafan matsi sun rage gudu. Ma'auni ɗaya a kan injin, ɗaya a kan ƙarfen matsi, bambancin zai fito ƙarara a ɗan allo.

Wani zai ce mai injin da kunne yake gane wannan, kuma gaskiya ne, tsohon hannu ba ya bukatar allo. Amma ba kullum shi ke bakin injin ba, yaron da ya bari ne, kuma kunne ba ya ajiye lissafin awa nawa aka yi ana ƙona mai a banza.

Manyan injinan cika gwangwani, irin waɗanda masana'antar tumatir kamar ta Ikara ke bukata, da wannan ƙidayar suke sanin lokacin zubawa da lokacin rufewa. Yaron da ya koyi bin wayoyin A da B a jikin matacciyar firinta, shi za a kira ranar da irin wannan injin ya tsaya a tsakiyar kakar tumatir, maimakon a jira wani daga Kaduna ko Legas kwanduna na ruɓewa a bakin ƙofa.