Haya Ba Zubar da Kuɗi Ba Ce

Mutumin da ya komo Kano bayan shekaru yana aiki a Legas ko Abuja, da ma'aikacin da ya yi ritaya ya miƙa makullin gidan ma'aikata, da magidancin da yaƙin Sudan na 2023 ya koro gida, dukkansu abin da suke fara nema shi ne inda za su ajiye iyali. Gidan gadon da suka bari an raba shi, ko kuwa ɗakin samartaka ƙane ya yi aure a ciki. Da an fara cigiyar gidan haya, shawarar 'yan'uwa da abokai kusan iri ɗaya ce: a kama ko'ina ne a lallaɓa shekara ɗaya ko biyu, a sayi fuloti a gina na kai, domin haya zubar da kuɗi ce. Wannan magana ta yi jijiya a ƙasar Hausa har an daina tuhumarta. Kuskure ce, kuma tana cikin manyan dalilan da suka sa gidan haya mai sauƙin kuɗi ya yi wuyar samu a birnin.

Kuɗin haya farashin amfani ne: rufin da ke tare ruwan sama, ƙofar da ake kullewa da dare, kusanci da kasuwa da makarantar yara. Wanda ya biya ya zauna shekara guda ya karɓi abin da ya saya, kamar yadda fasinjan da ya biya kuɗin mota daga Kano zuwa Zariya ya isa Zariya ba tare da motar ta zama tasa ba. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a Arewa ya daɗe da tsara wannan ciniki, har malamai suka bambanta hayar da aka ƙulla ta wa'adi ƙayyadadde da wadda ake biya wata-wata, kuma duka biyun halas ne. Babu inda shari'a ta ƙasƙantar da mai haya. Al'ada ce ta ƙasƙantar da shi, har ta kai idan ana binciken mai neman aure, tambayar ko gidansa ne ko na haya tana zuwa kafaɗa da kafaɗa da tambayar halinsa.

Wanda ya bi shawarar, ga abin da yakan same shi. Ɗan abin da ya taro a can, ko kuɗin sallamarsa daga aiki, ba zai sayi fili a Tarauni ko Gyaɗi-gyaɗi ba. Abin da zai iya saye shi ne awon igiya a gefen Ungogo ko Kumbotso, ko can bayan Dawanau, inda mai gona ya yanka gonarsa ya sayar, babu titi, babu magudanar ruwa, sau da yawa babu wata takarda sai ta ciniki da sa hannun shaidu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, saboda haka wannan takarda ba ta da ƙarfin takardar mallaka ta gwamnati ranar da aka zo fitar da hanya. Sannan a fara gini. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama, rodi da kwano suka bi bayansa. Duk wanda ya zaga unguwannin bayan gari ya ga sakamakon da idonsa: kangaye jere, ginin ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a falo, bulon sama ya fara zubewa saboda damina uku ko huɗu da ta bi ta kansa ba rufi. Mai kangon yana nan yana biyan hayar da aka ce masa asara ce, kuma jarin da zai iya juyawa a kasuwa ya binne shi a ƙasa. A nan ne aka zubar da kuɗi, amma babu mai faɗa, domin ana yi wa kango kallon alamar ƙoƙari.

Wanda ya samu ya rufa ɗaki biyu ya tare, nisa ne zai riƙa karɓar hayarsa kullum. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saye ƙasa da naira ɗari biyu ta haura ɗari biyar nan take, ta kuma wuce dubu kafin ƙarshen 2024. An hana acaɓa a Kano tun 2013, saboda haka ɗan kasuwar da ke da rumfa a Kantin Kwari ko Singa sai ya hau adaidaita sahu biyu ko uku kafin ya isa, ya sake hawa da yamma, 'ya'yansa ma haka zuwa makaranta. Famfo bai kai unguwar ba, sai 'yan garuwa, jarka-jarka. Wannan lissafi shi ne dai yake kama wanda ya gudu bayan gari don neman haya mai arha. Ciki da falo a Ɗorayi ko Unguwa Uku da ya ɗara na bayan gari kuɗi a takarda yana iya zama shi ne mai sauƙi idan aka tara kuɗin mota da na ruwa na wata goma sha biyu.

Babbar illar wannan ra'ayi kuwa tana kan kasuwar hayar kanta. Tun da kowane ɗan haya yana ganin kansa baƙo ne mai shirin tashi, babu wanda ya ɗauki gyaran zaman a matsayin rigimarsa. Shi ya sa aka amince da biyan kuɗin shekara dunƙule kamar wani hukunci daga sama. Ma'aikaci wata-wata ake biyansa, ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu kullum-kullum suke samu, amma haya kaɗai ake nema ta shekara, wani wurin ma ta shekara biyu ga sabon shiga. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024. A ɗauka gida ne na naira 400,000 a shekara, a ɗora la'adar dillali ta kashi 10 cikin 100: mai wannan albashi sai ya ajiye albashin wata shida da ɗoriya bai taɓa ko kwabo ba kafin a ba shi makulli. Da wata-wata ne, abin da zai biya bai kai naira 34,000 ba. Da nauyi, amma ana iya ɗauka. Dunƙulewar ce take tura mutane cin bashi, ko sayar da ɗan kunnen matar gida, ko shiga adashin da ya fi ƙarfinsu. A zahiri talaka ne yake ba maigida rance na shekara guda.

Mai komowa gari ya fi kowa shan wannan wahala. Farashin da ke kansa na shekarun baya ne. Yana sauri, domin iyalinsa suna cunkushe a gidan ɗan'uwa kuma fuska ta fara sauyawa. Dillali ya san haka, ya kuma ji an ce daga Abuja mutumin yake. Za a karɓi kuɗin ganin gida tun kafin a ga gidan, kuma dillalin farko yakan miƙa shi ga na biyu, na biyu ga na uku, kowa da rabonsa a cikin farashin da za a faɗa masa. Za a kai shi da rana tsaka, cikin rani, an shafa sabon fenti. Wanda bai duƙa ya duba gindin bango ba, ba zai ga layin da ruwan damina ya bari ba. Wanda bai tambaya ba, ba zai san cewa mita ɗaya ce ga mutum shida kuma da tsohon bashin wuta a kanta ba, ko cewa sokawe ya cika tun zamanin wanda ya tashi.

Ɗora laifin duka a kan masu gidaje ba adalci ba ne. Da yawansu matan da mazajensu suka rasu ne, ko 'yan fansho, ko magada da ke raba kuɗin gida ɗaya. Hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma fitar da wanda ya ƙi biya yana iya cin watanni a kotu. Mai gidan da ya nemi kuɗin shekara yana kare kansa ne daga tsarin da bai kare shi ba. Masu manyan kuɗi kuwa, da yake su ma sun yarda cewa mutumin kirki ba ya daɗewa a haya, sai su gina filaza da shaguna, ko gidajen sayarwa, su bar ginin ciki da falo ga masu ƙaramin ƙarfi.

Gwamnati ma wannan tunani ne ya ja ragamarta. Tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003, zamanin Obasanjo, ya kai ga sayar da gidajen ma'aikatan tarayya a Abuja, aka rufe babin gwamnati a matsayin mai ba da haya. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi biyu da rabi cikin 100 daga albashin ma'aikaci domin ya mallaki gida wata rana, alhali abin da ke hana shi barci hayar bana ce. A Kano an gina rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo a wa'adin mulkin 2011 zuwa 2015, aka sayar, da yawa suka zauna a kulle shekara da shekaru, har a 2025 gwamnatin jihar ta ba masu su wa'adin su tare ko su sa 'yan haya. Gidaje a kulle a garin da magidanta ke kwana a shagon aboki abin kunya ne, kuma sayarwa ga mai iya saye ce ta haifar da shi.

An gwada doka a wasu wurare. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ko da yake ta cire Ikoyi da Apapa da wasu unguwannin masu hali. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kawo ƙudurin mayar da hayar Abuja wata-wata bayan biyan farko na wata uku, ya tsallake karatu na biyu, bai zama doka ba. Ghana tana da doka tun 1963 da ta taƙaita kuɗin gaba ga wata shida, amma mazauna Nima da sauran zangunan Accra sun san ana neman na shekara biyu. Doka ba ta aiki inda masu nema goma suke layi a ƙofar ɗaki ɗaya, kuma kowannensu yana jin kunyar kai ƙara a kan matsayin da yake ɓoyewa. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta ba da rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000. Mataki ne mai kyau, sai dai mai ƙaramin albashi da kusan ba ya biyan harajin, ba abin da zai rage masa.

Abin da ake buƙata gidaje ne da aka gina don haya tun daga tushe, a cikin gari, kusa da aiki. Fiye da rabin magidantan Jamus a haya suke, likitoci da malaman jami'a a ciki. Hukumar birnin Biyana ta Ostiriya tana da gidaje kusan 220,000 da take bayarwa haya. Ba ma sai an je Turai ba: a Alƙahira tun zamanin Mamluk ana gina benayen wakafi, ƙasa shaguna, sama ɗakunan haya, kuɗin yana tafiya ga masallaci ko makaranta. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, tana da attajiran da ke gina masallaci kusa da masallaci. Wakafin ciki da falo ashirin a Kurna ko Sheka, da hayar wata-wata mai rangwame, sadaka ce mai gudana da za ta rufa wa iyalai ashirin asiri, ta kuma ciyar da masallacin.

Kafin a kai can, mai komowa gari yana da abin da ke hannunsa. Ya ɗauki gidan a matsayin inda zai zauna shekaru, ya zaɓe shi da wannan ido. Ya haɗa haya da kuɗin mota da ruwa da wuta kafin ya kwatanta gida da gida. Ya koma unguwar da dare ba tare da dillali ba, ya yi sallar isha'i a masallacinta, ya tambayi maƙwabta yadda layin yake a watan Agusta. Ya nemi ganin maigidan ido da ido, ya gabatar da kansa ga mai unguwa, domin wanda aka san asalinsa ya fi samun sassaucin biya kashi biyu ko kashi huɗu. Ya kuma dage a rubuta yarjejeniya da shaidu: nawa ne, zuwa yaushe, wa zai gyara rufi da sokawe, yaushe za a iya ƙara kuɗi, da tsawon notis. A dokokin Abuja da Legas, inda ba a rubuta wani wa'adi dabam ba, mai hayar shekara yana da haƙƙin notis na wata shida, mai hayar wata kuma na wata ɗaya, kuma wannan ma'auni ne da ya dace ya nema a sa masa a takarda a ko wane gari.